Mai Waƙar Bai Zo Ba

Shekara ashirin da wani abu ina tuƙa tasi a Makka, har da lokacin Hajji, amma ban taɓa tuƙi mai wuya irin na ranar da na kai 'yata tashar jirgin ƙasa ba. Ta samu aiki a Riyad, jirgin ƙasan zai kai ta filin jirgin sama. Tun da uwarta ta rasu muke zaune mu biyu a unguwar Shisha, maganarmu ba ta wuce "ka ci?" da "na ci". Ita da Larabci, ni da Hausa. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa mata a hanya. Muna shiga mota ya gudu.

Ita ma shirun ya dame ta, sai ta haɗa wayarta da rediyon motar. Kiɗa ya tashi: fiyano, da ganga da ake shafawa kamar ana shara, da wani abu mai kauri yana dum-dum daga ƙasa. Ta ce mutum uku ne, abin sunansa jaz. Na ce to.

Ni a sanina, makaɗa su fara, mai waƙa ya gyara murya ya shigo. Sai na jira shi. Muka wuce danja biyu, muka faɗa zahama, wato cunkoso, motoci ko motsi, bai shigo ba. Kiɗan ya ƙare, aka tafa musu, suka kama wani.

Na ce, "Uwata, mai waƙar fa? Ko shi ma zahama ta riƙe shi?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabona da jin wannan dariyar tun uwarta na da rai.

"Baba, babu mai waƙa. Tsofaffin waƙoƙi ne, a ƙasarsu kowa ya san su. Waɗannan sake musu hanya kawai suke yi."

"Wato yara sun fito aiki, maigida yana gida."

"Wallahi Baba. Saurara dai. Ga waƙar nan. Yanzu zai bar ta, kuma zai dawo."

Na saurara, tunda ba inda za ni. Mai fiyanon ya kama titi sosai, sai ya kauce, ya shiga lungu, daga nan wani lungun, har na ce ya ɓata. Mai dum-dum ɗin bai saki titi ba. Can sai ga mai fiyanon ya ɓullo daidai inda ya bari.

Na ce, "Wannan direba ne. Ɗan unguwar Hindawiyya ma. Haka muke yi in an rufe hanya."

Ta dubi agogo. Sai ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "To kai ma ka bi lungu mana. Akwai lokaci."

Na bi ta unguwar Nakkasa. Na nuna mata inda gidanmu yake kafin a rushe, yanzu fili ne da duwatsu. Na gaya mata a nan mai sunanta take daka, tana wata waƙa. Muryar waƙar ɗaya ce kullum, kalmomin ne ke canjawa, ya danganta da wanda ya ɓata mata rai ran nan. Yawanci mahaifina ne.

Ta ce in rera mata. Na ce ina tuƙi.

A tasha ta sumbaci kaina, ta ja akwatinta ta shiga. Abin da na shirya faɗa, har yau ban faɗa ba.

Washegari da safe, kafin in ɗauki kowa, na tsaya a gefen titi, na ɗaga gilasai duka, na danna ɗaukar murya a wayata na rera mata waƙar. Muryata ba ta da daɗi, kuma rabin kalmomin sun ɓace mini. Inda na manta na sa nawa, na tura mata.