Randar Gidan Attajirin Shayi

Shekarar da na fara sarin kaya a kasuwar Baima ta ƙasar Sin, ban iya komai da Sinanci ba sai “nihao”, wato sannu, da “meyo”, wato babu. Kullum tafinta na gaba ina biye kamar raƙumi da akala, abin ya ishe ni. Sai na ji labarin wani tsohon gida a bayan masaukina na unguwar Dengfeng, inda ake koya wa mutanen unguwa karatu da yamma.

Wani attajirin shayi ne ya gina shi tun zamanin sarakunansu. Da mulki ya juya aka karɓe shi, ya zama rumbun shinkafa, daga baya wajen ɗinkin kakin ma'aikata. Ni na tarar da shi da allo da kujeru a babban falon, tsofaffi na koyon rubutu, baƙin ƙauye na koyon karatu. Da ƙyar shugabar wurin ta bar ni na zauna a baya. ’Yan uwana Kanawa suka samu abin tsokana. “Alhaji, fatauci ka zo ko ’yar firamare?” Na ce su ci gaba da magana da yatsu.

Ran nan la'asar ta riske ni a can. A tsakar gidan akwai wata ƙatuwar randa cike da ruwa. A garinmu randar da aka ajiye a fili ta kowa ce, don haka na tsoma butata na cika, na tsuguna bakin magudana na yi alwala. Ina wanke ƙafa na ji ihun mutanen gidan. Ashe jajayen kifaye ne a ƙarƙashin ganyen da ya rufe ruwan, su kuwa a wurinsu arzikin gidan ke nan. Har gobe ban ga laifina ba: ban taɓa kifi ko ɗaya ba, ruwa na ɗiba.

Shugabar ta nuna min ƙofa. Na tambayi gobe fa, ta ce, “Meyo.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma hannun tafinta saboda buta ɗaya? Allah ya kiyaye. Washegari na zo da butata cike daga masauki, na shimfiɗa kwali a kan dakalin waje, dab da ƙofa. Ai gidan aka hana ni, ba titi ba. Malamin ajinmu na faɗa a ciki, ina maimaitawa daga waje da iya muryata, masu keke na tsayawa kallo. Haka na yi ta yi, har ranar da aka yi ruwa na rufa da leda.

A ranar wani tsoho ɗan ajinmu ya fito da kujerarsa ya dasa kusa da ni. Da guntun Sinancina da nuni na gane zancensa: ubansa ɗan dako ne, a kan wannan dakalin yake jiran kayan attajirin, har ya mutu bai taɓa tsallaka ƙofar ba. Shugabar ta fito tana yi masa faɗa, ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Malamin ya leƙo ya gan mu a jiƙe. Ya ɗago allonsa ya kafa a bakin ƙofa yana fuskantar titi, ya ci gaba da darasi.