Gadon da Mahaifina Bai Samu ba

A shekara ɗaya aka gano cewa mahaifina da yayansa suna da ciwon sukari. Daga ranar mahaifina ya daina sa sukari a shayi, ya rabu da dabino, tuwon ma sai an auna masa. Yayan nasa, wanda muke kira Baba Babba, ya yi wa likita godiya, ya koma gida ya ci gaba da shan shayinsa kofi uku da zaƙinsa.

Bayan wasu shekaru, wata Juma'a mahaifina ya dawo daga masallaci da takalmi ƙafa ɗaya, bai sani ba. Na zaunar da shi, na cire masa ƙaya huɗu a tafin ƙafa, shi kuwa yana ta ba ni labarin huɗuba.

Muka tafi asibiti a Maraɗi, Baba Babba ya ce zai raka mu. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta sa mahaifina ya rufe ido, ta riƙa taɓa masa ƙafa da wani siririn abu kamar tsinken tsintsiya.

"Idan kin shirya sai ki fara," in ji mahaifina, alhali ta gama tuni.

Baba Babba ya ce a gwada shi ma. Ana taɓa shi ya ƙyalƙyale da dariya, ya janye ƙafa, saura kaɗan ya harbi kujera.

Mahaifina ya ɓata rai. "Likita, mutumin nan ko a mota ya ci dabino. Ni da na bi doka, ni ne ƙafata ta mutu?"

Ta ce sukari idan ya daɗe a jini yana barin wani abu kamar tsatsa da ke cin jijiyoyi. Jiki yana da abubuwan da ke wanke tsatsar, amma gadonsu ake yi, wani nasa ƙarfafa ne, wani raunana, ko da uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ƙara da cewa ba wannan kaɗai ba ne dalili, kuma da mahaifina bai kiyaye ba, da abin ya fi haka. Ta ja wa Baba Babba kunne sosai, amma kalmar gado kawai mahaifina ya riƙe.

"Yaya, gonar Korahane kai ka ɗauka. Ashe har wannan ma?"

"Ni ne babba, na riga ka zuwa na zaɓa."

Da muka dawo ba mu tsaya gida a Dakoro ba, sai ƙauye wurin kakata, mahaifiyarsu, don ta faɗi wanda ya jawo. Ta saurare su har ƙarshe tana ɓare gyaɗa.

"Dangin ubanku ne," ta ce. "Mu a gidanmu ko kiyashi ya hau mu muna ji."

Tun daga nan nake duba ƙafar mahaifina kowace safiya, na sa an ɗinka masa takalmi mai maɗauri. Baba Babba ya rage shayi zuwa kofi biyu, kuma sai da ya tabbatar kowa a unguwa ya ji labari. Da idonsa ya fara dishi-dishi, ni na kai shi Maraɗi. Mahaifina ya ce zai raka mu, ya zauna gaban mota, ya riƙa karanta masa allunan hanya ɗaya bayan ɗaya.