Keken Baffa Idi Yana Nan a Rataye

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Baffa Idi, ƙanin mahaifina, wanda mutanen Utai suka fi sani da Idi Mai Keke. Ina shagona na ɗinki a Wudil da hantsi, ina yanka wata shadda, sai ƙanwata Hajara ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Yaya, Baffa ya cika." Na ajiye almakashi na yi salati. Allah Ya yafe mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne kekensa, da ke rataye a azarar zaure, inda na ɗaure shi da hannuna.

Baffa ya yi tseren keke tun yana saurayi, lokacin da samarin ƙauyuka ke karawa da juna bayan girbi. Aka daina tseren, abokan karawarsa suka tsufa suka zauna, shi bai sauka ba. Ya haura tamanin yana fita bayan sallar asuba, ya zaga ta Dagumawa, ya dawo kafin a dama koko. Ran Juma'a kuwa sai Wudil. Ya ci kasuwa, ya yi salla, ya leƙo shagona ya sha ruwa, ya juya. Ban taɓa jin yana haki ba.

A shagon nan wata rana ya haɗu da Malam Bitrus, wani malamin jami'a mai koyar da motsa jiki, da nake yi wa ɗinki. Ya nemi izini ya riƙe wuyan hannun Baffa yana duba agogo. Ya ce, "Baba, zuciyarka ta fi tawa kwanciyar hankali." Baffa ya ce, "Ai dole, ɗana. Motarka ce ke motsa jiki, kai kana zaune a cikinta." Da Baffa ya tafi, malamin ya ce mini, "Duk abin da za ku yi masa, kada ku sauke shi daga keken nan. Shi ke riƙe da shi."

Na ji maganar. Ba zan ce ban ji ba.

Damina na kamawa akuya ta gitta masa a hanya, ya faɗi ya kuje gwiwa. Ciwon bai kai mako ba ya warke, amma maganar gari ba ta warke ba. Aka yi ta cewa ga tsoho da 'ya'ya da jikoki, sun bar shi a kan keke kamar marar gata. Kunya ta kama mu. Muka zauna muka yanke cewa ya huta, za a riƙa kai shi kasuwa a babur. Ni aka wakilta, don ni ya fi jin maganata. Yana zaune a tabarma na taka turmi na ɗaure keken a sama. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sani, da ka haɗa da ƙafafun, ai tare suke."

Kafin kaka ta kama, Baffa ya fara dogara sanda. Da azumi ya zo sai an kama shi yake miƙewa daga sujada. Daga baya ya koma salla a zaune. Na san ajali na Allah ne, na kuma yarda da haka. Amma na ga ƙwaurin mutumin nan yana zubewa a gabana wata bayan wata, ban tashi na kwance igiya ba, don kada a ce mun yi magana biyu.

Yanzu in na fito da sassafe nakan ga magidanta masu furfura suna sassarfa a bakin titi, ba mai yi musu dariya. Ni kaina likita ya ce hawan jini ya kama ni, in riƙa tafiya kullum. Wani maƙwabcina har keke ya saya na cikin ɗaki, wanda ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Nakan rasa ko Baffa dariya zai yi in ya gani, ko kuwa kallona kawai zai yi. Kallon nake tsoro. In tunanin ya taso ba na iya zama a kan keken ɗinki, sai in fita in yi ta zagaya kasuwa ba abin da zan saya.

Bai bar gona mai yawa ba. Abin da ya bari shi ne har yau in tsoho ya wuce da ƙarfinsa a Utai, sai a ce jinin Idi Mai Keke ne. Malam Bitrus ya tambaye ni labarinsa sau biyu, na ce masa tsufa ne.

Matarsa, Inna Tabawa, ta hana kowa taɓa keken. Jikoki sun roƙa, ta ce a'a, Sani ya rataye shi, Sani zai sauke. Bara na sayi taya biyu da sarƙa, suna nan ƙarƙashin teburin yanka. Na je Utai sau uku tun daga nan, na gaishe ta, na ɗaga kai na dube shi. Har yau ban sauke shi ba.