Murfin Filtar da Na Taka da Ƙafa

Jiya ina juye baƙin mai, warinsa ya tuno mini da marigayi kawuna. Shi da yatsu yake ɗaure murfin filtar babur, yana cewa ƙarfi na gona ne.

Farkon samun Jihar Kebbi na kan ari babur ɗinsa in kai bandar kifi daga Ngaski zuwa kasuwar Yelwa. Wata rana na juye masa mai, don gwaninta na taka sifana da ƙafa wajen ɗaure murfin. Da juyi na gaba ya zo, murfi ya ƙi motsi. Kunya ta sa na ce wani makanike ne ya ɗaure.

"To tashi mu same shi, ya ji kunya gaban mutane," in ji Kawu.

Na ga zan ɓata sunan bawan Allah, na sunkuyar da kai na ce ni ne.

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Ɗan nan, ai ta zana na hango ka kana rawa bisa sifana!"

Ya kwarara ruwan zafi, ya ƙwanƙwasa a hankali, murfi ya saki.

Allah, kawu ya rufa mini asiri, Ka rufa nasa, Ka yalwata kabarinsa.