Farin Ruwa a Jijiyar Jariri

Ku sababbin ma'aikata, ku tambayi kowa a asibitinmu na Unguwar Dosa: ni Malam Sabo, babban nas na ɗakin tiyata, ko rufi ya rufto hannuna ba ya rawa, bakina kuma ba ya rasa abin dariya. Amma akwai ranar da ta ƙi fita raina, domin duka biyun sun gudu sun bar ni.

Washegarin Babbar Sallah ne, da hantsi. Kowa ya tafi gaishe-gaishe, likita yana Zariya wajen iyayensa, daga ni sai ƙamshin suyar maƙwabta. Sai ga wata tsohuwa daga Rafin Guza rungume da jikanta ɗan wata biyu, uwar yaron na biye ko takalmi babu. Kaciya aka yi masa a wani shagon magani, da allurar kashe zafi.

"Ɗana, iska ce ta taɓa shi," in ji tsohuwar.

Ba iska ba ce. Allurar nan da nauyin jiki ake auna ta. In ta yi wa jariri yawa, ko ta faɗa jijiya, ƙwaƙwalwa take fara bugu, sannan zuciya. Yaron yana jijjiga, leɓɓansa sun yi duhu. Na juya in ce a miƙo mini abu, sai bango na gani.

Na sa masa oksijin, na kira likita, na ajiye wayar a bakin gado. Jijiyar da nake samu ido rufe, ranar sai da na yi ta lalube kafin na same ta.

"Malam Sabo, auna shi tukuna," in ji likita. "Ba shi maganin jijjiga, sannan farin ruwan nan na mai. Kada ka yi kirdado."

Ruwa ne fari fat, shi ke janye gubar daga zuciya. Na ba shi daidai nauyinsa, na ƙura wa na'urar bugun zuciya ido. Can sai yaro ya callara kuka.

Aikinmu haka yake: ranar da ka fi yin ƙoƙari, babu abokin aikin da zai shaida. Muna jiran motar da za ta kai shi babban asibiti, na rasa wanda zan ba labari sai tsohuwar. Na gyara murya na fara bayani. Ta dubi kwalbar, ta dube ni.

"Au, ashe madara ce? Ai da ka faɗa tun farko, ɗana. Ga uwarsa nan zaune da ita."