Malam Hamidu da Allon da Ke Kallon Mai Saye

Shekara goma sha uku ke nan, idan Malam Hamidu ya dawo daga sallar asuba a unguwarmu ta Zariya, nan cikin Maraɗi, ba ya komawa barci. Tabarma yake shimfiɗawa a zaure, ya zazzage jakarsa ta fata, ya jera kayan aiki ɗaya bayan ɗaya: ƙarfen liƙi, dalma, madubin ƙara girma, da wani tsohon burushin haƙori na share datti. Ya sha kunu, ya ta da moto. Ni maƙwabcinsa ne, kuma da ƙarar moton nan nake sanin lokacin tafiya lekol, wato makarantar boko, ya yi.

Duk wanda ya shiga farmasi ko babban butik a Maraɗi ya ga na'urar da ke kan teburin mai sayarwa. A cikinta akwai wani ɗan kati kore, bai fi tafin hannu ba, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar gaba ɗaya. Kati ɗaya ne, amma allo biyu yake haskawa: ɗaya yana kallon mai kanti, ɗaya yana kallon mai saye. Zafin bazara da ɗaukewar wuta suna wahalar da katin, to Malam Hamidu ne likitansa, daga cikin gari har Tibiri da Jiratawa.

Masu kanti sun san shi da hali guda. Idan ya gama gyara, allon mai kanti ya kama, ba ya ɗaure jaka. Sai ya zagaya gaban tebur, ya tsaya inda mai saye yake tsayawa, har ya ɗan ranƙwafa daidai tsawon tsohuwa, ya duba allo na biyu. In bai kama ba, a wurinsa ba a fara aiki ba.

"Haba Malam Hamidu, bar shi hakanan," in ji Alhaji Ya'u mai butik wata rana. "Nawa yana ci ai. Wancan ado ne."

"Alhaji, kai ka sayi na'urar, gaskiya ne," in ji shi, "amma allon nan ba naka ba ne. Na wanda ya shigo ne."

"To ka zauna ka kwana da shi!"

"In akwai tuwo, ina kwana."

Mutane sun ɗauka taurin kai ne. Kaɗan ne suka san daga inda halin ya fito.

A shekararsa ta biyu da fara wannan aiki, shi ya kafa irin na'urar ga sikelin wata ƙungiyar manoma a Jiratawa. Mai awon, Maiwada, yana ganin kilo a allonsa, manomi ma yana gani a nasa. Wata rana allon manoma ya mutu. Malam Hamidu ya je ya duba, ya ga wata siririyar waya ce ta ƙone, kuma babu irinta a jakarsa. Ya ce zai dawo mako mai zuwa. Ayyuka suka taru masa a gari, mako ya zama biyar.

A tsakanin nan wani manomi, Nomau, ya kawo buhunan tattasai. Shi da Maiwada taubasai ne, tun suna yara ba su rabuwa, gaisuwarsu ma zagi ce. Maiwada ya karanta masa kilo. Nomau ya dubi baƙin allon da ke gabansa, ya ce, "Juyo mani naka in gani."

"Ni za ka tuhuma, Nomau?"

"Ban tuhume ka ba. Amma can da ina gani da idona."

Maganar ta fito a gaban jama'a, ta yi wa Maiwada nauyi. Suka daina gaisawa. Da damina ta faɗi, zazzaɓi ya kwantar da Nomau kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinsa, ba su shirya ba.

Ranar da Malam Hamidu ya koma da wayar, aikin bai kai minti goma ba. Ya gwada sikelin da dutsen awo, ya tarar daidai yake, ko giram bai ɓata ba. Maiwada yana tsaye yana kallon allon da ya dawo, can ya ce, "Da ka zo da wuri, Malam." Malam Hamidu ya ce mini har ya iso Maraɗi bai san yadda ya tuƙa moton ba.

Tun daga ranar bai sake cewa mako mai zuwa ba. An gan shi da azumi, rana tsaka, ya koma Tibiri sau biyu saboda waya guda. A farmasin Hajiya Safiyatu da ke can, shi ya zauna ya shirya allon masu saye yadda zai nuna hoton kwalin magani, a ƙasansa da zanen rana: ɗaya, biyu ko uku, gwargwadon sau nawa za a sha. Tsofaffin da ba su yi karatu ba suka daina jin kunyar tambaya, ido ya ishe su.

Kai ne, Malam Hamidu, mai tsayawa inda ba a tsaya maka ba. Ba a taɓa rubuta sunanka a jikin ko na'ura ɗaya ba, kuma dubban da suka sayi magani da natsuwa ba su san akwai ka ba.

Bara ne idonsa ya fara gardama. Da farko gefe-gefe ya rufe, kamar mai leƙe ta cikin kara. Ya ɓoye, ya ƙara kusanto da madubi. Da ya je asibiti, likita ya ce ciwon ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ajiye moto ya koma hawan kabu-kabu, bai fasa zuwa ba.

Watan jiya Hajiya Safiyatu ta kira shi, allon masu saye ya ɗauke. Ita ta ba ni labarin abin da ya faru. Ya buɗe na'urar, yatsunsa suka bi katin a hankali, suka sami wayar da ta saki, suka mayar. Ya rufe. Sai ya miƙe yana dafa bakin tebur, ya zagaya gaba kamar yadda ya saba, ya ranƙwafa. Ya daɗe a haka.

Akwai wata tsohuwa a gefe, Tani, ta zo sayen maganin jikanta. Ya juya wajen da ya ji motsinta.

"Inna, don Allah, mi kika gani ga allon nan?"

"Kai da ka gyara shi kake tambaya ta? Ko gwada ni kake, ɗan nan?"

"A'a, Inna. Faɗa mani dai."

Ta matso ta ƙura ido. "Ga kwalina nan, mai jan baki. Ga rana ukku ƙasa."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Aiki ya yi."

Hajiya Safiyatu ta ce sai a lokacin ta gane ba ya gani, ta shige ciki don kada ya ji kukanta. Shi kuwa ya tattara kayansa da lalube, ya ɗaure jakar. Bai sake kwance ta ba.

Yanzu unguwarmu shiru da safe. Na bi wasu kantunan da yake zuwa, na tarar da alluna uku sun yi baƙi, kuma babu wanda ya damu, tunda na mai kanti yana ci. Wannan shi ne abin da yake tsoro, ya fi tsoron duhun idonsa. Akwai masu gyara a garin nan da suka iya katin kamar shi. Zagayawar ce ba su koya ba.

Mun gode, Malam Hamidu. Allah Ya saka maka da hasken da ba ya ɗaukewa, Ya sa wannan jarrabawa ta zama kaffara. Ku kuma masu gyara da masu kanti, abin da ya bar mana taku biyar ne kawai: kafin ku ce an gama, ku zagaya ku tsaya inda mai saye yake tsayawa. Hajiya Safiyatu ta fara, kullum kafin ta buɗe ƙofa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na gan shi zaune a ƙofar gida, kabu-kabu ya sauke wani dattijo. Maiwada ne, daga Jiratawa. Tun kafin su gama gaisawa Malam Hamidu ya riƙe hannunsa ya ce, "Na manoma fa?"

"Yana ci, Malam," in ji Maiwada. "Da kaina na zagaya na duba."