Babur ɗin da Ya Ƙi Kwanar Dama

Tun farko in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne, kada ku wahalar da kanku wajen nema.

Shekarun baya, babur ɗina ya ɓullo da wani hali. Kwanar hagu sumul, amma in na zo shan ta dama sai ya nufi kwata. Sau biyu yana zubar da ni tsakanin Jekadafari da Arawa. 'Ya'yana suka ce in na sake faɗuwa za su karɓe makullin. Ni kuwa babur ɗin nan shi ne ƙafata: masallaci, gona, gaisuwar mutuwa.

Na kai shi wajen abokina makanike a Bolari, na yi masa bayani irin namu na masana, mu da muka kai har aji huɗu na firamare. Na ce boris ɗin wuya ne. Ya canza. Na dawo na ce iskar taya ce. Ya gwada, daidai take. Ya ɗaga gaban, ya juya kan hagu da dama, ya duba sifok, wato wayoyin taya, ɗaya-ɗaya, ya hau ya zagayo.

"Malam, mashin ɗin nan lafiyarsa ƙalau."

"Kunyarka yake ji," in ji ni.

"To goya ni mu gani."

A kwana ta biyu ya dafa kafaɗata, ya ce in tsaya. "Me ya sa kake juya kai gaba ɗaya kafin ka kalli dama? Rufe idon hagu. Yatsu nawa na ɗaga?"

Na ga hannu kamar a cikin ruwan koko. Na ce uku. Ashe hularsa ya ɗaga.

A asibiti suka ce yanar ido ce, suka kankare ta. Babur ya shiryu ba tare da an sake taɓa shi ba.

Har yau abin yana tsaya mini a rai. Na tuhumi ƙarfe, na tuhumi titi, na tuhumi aminina. Jikina ne kaɗai ban tuhuma ba, don na san amsarsa tsufa ce, kuma ba na son ji.

Da na warke, na ce wa maiɗakina, "Ciwon nan munafuki ne, ko alama bai nuna ba."

Ta ce, "Malam, shekara biyu kana zuba shayi a gefen kofi ina gogewa. Ko shi ma kofin, Bolari za mu kai shi?"